Jan ƙwallo kafin baƙi

Da abokin darar Yaya ya rasu, Yaya ya shige gida a Filinge ya daina fita. Mutumin da kullum da la'asar yana gindin gawo yana ta da jijiyar wuya a kan tsinke da tsakuwa, sai ga shi zaune shiru a zaure. Matarsa ta ce ko fura sai an lallaɓa shi. Tsoro ya kama ni, wallahi.

Ni ban iya dara ba, tun muna yara nake ce mata wasan tsofaffi. Sinuka na iya, wasan tura ƙwallaye rami da sanda a kan tebur, a Yamai na koyo ta. Sai na ja shi rumfar da aka ajiye teburinta kusa da tasha, na damƙa masa sanda.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Farin ƙwallo kaɗai sanda ke taɓawa. Da shi za ka tura ja rami, sannan mai launi, sannan ja kuma. Ja maki ɗaya ne, baƙi bakwai. Mai launi in ya faɗa, a ciro shi a maida gurbinsa har sai jajaye sun ƙare.

Bugun farko ya nufi baƙi.

"Yaya, ja tukuna!"

"Kai ka ce baƙi ya hi tsada. Wa ka zuwa kasuwar Baleyara shi bar sa shi kama akuya?"

Na sake nuna masa jan ƙwallo. Da ƙyar ya ci ja, ya ci shuɗi. Na sa hannu na ciro shuɗin, sai na ji ya damƙe mini wuyan hannu.

"Ina za ka da shi? Na ci shi!"

"Doka ce, Yaya."

"Dokar wa? Abin da anka ci ba a maido shi."

Haka muka yi ta fama la'asar bayan la'asar. Yau ya bugi ja da sanda kai tsaye, gobe ya tare rami da tafin hannu. Rannan haƙurina ya ƙare, na ɗaga murya a gaban mutane, na ce shi kam ba zai taɓa koyo ba. Ya jingine sandar a hankali ya fita. Na bi shi raina a ɓace, ina jin haushinsa ina jin haushin bakina.

Bai yi gida ba. Gindin gawon nan ya nufa, ya tsuguna yana fafe gurabun dara da yatsa, layi bayan layi. Ya zuba tsinkaye a gabansa, ya tura tsakuwa gefen da ba kowa.

Na daɗe a tsaye, sannan na cire takalmi na zauna a wurin, na ɗauki tsakuwa na aza a gurbi.

"Ba nan aka aza ta ba, sakarai," ya ce, ya buge mini hannu. Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka tun kafin rasuwar.