Yagaggiyar Rigar Maƙwabciyata

Shekarar da na biyo maigidana London, a wani dogon gini muka kama flat, can arewacin gari, unguwar da Yahudawa suke da yawa. Shi kullum yana asibiti wurin aiki, ni kuma ban fara karatu ba tukuna, sai zaman gida da leƙen taga. Ƙofarmu tana kallon ta wasu tsofaffin Yahudawa biyu, mata da miji. Mijin dogo ne marar yawan magana, ba ya rabuwa da 'yar ƙaramar hula a tsakiyar kansa. Matar gajeruwa ce mai son hira, gashinta kullum a rufe. Mama nake ce mata. Ita ta nuna mini ranar da ake fitar da shara, da shagon da ake samun kuɓewa ɗanya.

Da sanyi ya kankama tsohon ya rasu, washegari aka binne shi. Maigidana ya ce mini su ma wanka suke yi wa mamaci, su sa shi a farin likkafani, ba sa ajiye gawa, kuma suna zaman makoki na kwana bakwai a gida. Na ce ashe irin namu ne. A gidanmu na Zariya, in aka yi rasuwa a unguwa mahaifiyata ce take fara ɗora tukunya, don haka ban ga abin da zan tsaya tambaya ba. Na dafa shinkafa da kaza, na kwarara man shanun da na zo da shi daga gida, wanda nake ta lallaɓawa. Na yafa mayafi, na ɗauki kula na tsallaka.

Ƙofar a buɗe take. An lulluɓe madubin da ke bakin shiga da farin ƙyalle, ga wani kyandir a cikin gilashi yana ci da rana tsaka. Falon cike yake da mutane amma shiru. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gaisarwa da murya sosai, ina cewa Allah ya ba da haƙuri. Kai kawai suke gyaɗa mini. Na ce a raina halin Turawa ne.

Sai na ga Mama. Tana zaune a kan wata 'yar gajeruwar kujera kamar ta tsakar gida, ga doguwar kujera mai laushi a bayanta. Rigar sanyin da ke jikinta a yage take daga wuya ta ɓangaren dama, zare yana reto. Zuciyata ta karye. Ga 'ya'ya da jikoki cike da ɗaki, amma an bar baiwar Allah haka ba mai lura. Na durƙusa a gabanta, na zare fil daga mayafina, na haɗa bakin yagar na maƙale, har na sa hannu na shafe wurin.

"Mama, in an watse ki ba ni in ɗinke miki," na ce. "Ki koma kujera mai laushi mana, saboda gwiwarki."

Ta kama hannuna ta riƙe. Babban ɗanta, wani mai gemu, ya sunkuyar da kai.

Daga nan na wuce kicin, kamar yadda mata suke yi a gidan rasuwa. Na buɗe kabad, na ga wasu faranti na tangaran masu shuɗin baki, na jera su na fara zuba shinkafar da zafinta. Ina cikin zubawa 'yar Mama ta shigo, mace ce da ta girme ni. Ta tsaya ta dubi farantan.

"Nama ne?" ta tambaya a hankali.

"Kaza ce, halal, da man shanu na gida," na ce, har da ɗan alfahari.

Ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta tura ƙofar kicin ɗin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce a addininsu ba a haɗa nama da abin da ya fito daga madara, ko a tukunya ko a faranti, shi ya sa suke da kwanuka kashi biyu, kuma waɗanda na ɗauko na madara ne. Naman ma sai wanda mahaucinsu ya yanka. Ta ce kujerar, mai makoki ne yake zama a ƙasa-ƙasa, kuma mai zuwa gaisuwa yana yin shiru sai mai makoki ya fara magana.

"Rigar fa?" na ce.

"Da hannunta ta yaga, kafin a binne shi. Haka za ta sa ta har a tashi daga zaman."

Ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na juye shinkafar cikin kula ina ba ta haƙuri, tana cewa ba komai. Babu wata hanyar fita sai ta falon, na ratsa mutanen nan rungume da kulata, idona a ƙasa. Da maigidana ya dawo na ba shi labari ya fara dariya, da ya ga fuskata ya haɗiye.

"Ai da kin tambaya," ya ce.

"Wa zan tambaya? Ba kai ka ce irin namu ne ba?"

Ban sake komawa ba har aka tashi daga zaman. Bayan nan ma sai na leƙa ta 'yar hudar ƙofa kafin in fita. Na daina shiga lif, don a nan muka fi haɗuwa da Mama, na koma bin matakala. Haka na yi makonni.

Wata Asabar da hantsi na dawo daga cefane ina hawa, sai na same ta zaune a kan matakala tana hutawa. Na san ba sa taɓa kayan lantarki daga faɗuwar ranar Juma'a har duhun Asabar, na san ba ta shiga lif a ranar, amma na sha'afa. Ba wurin gudu.

"Kin daina gaishe ni," ta ce.

Na ajiye ledojin na durƙusa. "Mama, kunya nake ji."

"Zauna, wuyana yana ciwo in na ɗaga kai."

Na zauna a kusa da ita. Na tambaye ta farantan, ina fatan ta ce an wanke su. Ta ce tangaran ba ya wankuwa a wurinsu in haka ta faru, sun bayar da su. Ta ce na mahaifiyar mijinta ne.

"Ban ji daɗi ba, ba zan yi miki ƙarya ba," ta ce. "Amma shirun da ke bakin ƙofata ya fi damuna. Kowa ya koma gidansa."

Hawaye ya zubo mini, ba ta rarrashe ni ba, ta bar ni na gama. Sannan ta tambayi yadda mace take yi a wurinmu in mijinta ya mutu. Na ba ta labarin takaba, wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya ba turare. Ta jinjina kai ta ce su nasu wata guda ne, amma ita ba ta ga alamar zai ishe ta ba. Ta miƙo hannu na ɗaga ta, muka ƙarasa hawa a hankali, tana tsayawa a kowace kwana tana numfashi. A bakin ƙofa ta ce in zo shan shayi ranar Talata.

Na je. Na zauna a gefen kujera kamar baƙuwar da ba ta taɓa shiga gidan ba. Ta yi ta ba ni labarin tsohon, yadda suka haɗu a tashar bas ana ruwan sama, ya tsaya a gefenta da lema a hannu ya kasa ce mata ta shigo. Ta yi dariya, ni ma na yi. Da ta tashi ƙaro ruwan zafi ta ce in biyo ta kicin in riƙe mata butar, na ce ta bari in jira ta a nan. Ta dube ni, ba ta matsa ba, ta shiga ita kaɗai.