Ƙaryar da Na Yi wa Kaka a Bakin Bakolori

Ana sallame sallar asuba muna tashar Gusau, ni da abokina, amma direba ya ce ba zai taɓa hanyar Mafara ba sai rana ta fito kowa ya ga fuskar kowa. Babu wanda ya yi masa musu, duk mun san dalili. Muka zauna kan benci muna shan kunu da ƙosai. Kayan aikinmu kaf suna cikin jakar makaranta guda: wayata, ɗan makirfo na maƙalawa a riga, da batirin caji na aro.

Ku da kuke bibiyata kun sani, shekara huɗu ke nan ina cika muku baki zan yi fim, kuma kullum hujjata ɗaya, ba ni da kyamara. Abu biyu suka tashe ni daga wannan jiran gawon shanu. Na farko wani gajeren fim ne da na gani a wayar wani, aka ce mai gyaran rediyo ne ya yi shi a Talata Mafara. Hoton duk rawa yake, amma sai da na kalla sau biyar. Na biyu, mahaifiyata ta ce Kaka da ke Bakura ta fara mantuwa. A cikin tsararrakinta da aka tasa daga ƙauyensu lokacin gina dam ɗin Bakolori, ita kaɗai ta rage. Ruwa ya shanye garin, ba hoto ba takarda. In ta manta shi, shi ke nan babu shi.

Naira dubu uku-uku muka biya, mu huɗu a baya, na biyar ɗinmu buhun gero. Daga Bunguɗu zuwa Maru direba ya yi ta kauce wa ramuka yana gaishe su ɗaya-ɗaya da salati. Muka shiga Mafara da hantsi, ranar kuwa kasuwa na ci. Dankali tsibi-tsibi, albasa, rake, ga kifi banda da ƙamshinsa ke riƙe mutum a rumfa ko bai yi niyya ba. Abokina ya sayi hoce, wato gasasshiyar wainar dawa ta yankin nan, da ƙuli, ya ce ya yi tauri, amma bai bar mini ko gutsure ba.

A bayan kasuwa muka sami shagon Malam Sahabi, mai fim ɗin nan. Dattijo ne siriri, tabarau ɗaure da zare. Sai da muka gaisa har kan gajiyar shekaranjiya kafin na faɗi abin da ya kawo ni. Na roƙe shi ya nuna mini kayan aikinsa, ina tsammanin zai buɗe wani ɗaki. Ya nuna baro da matashin kai a ciki, ya ce a nan mai ɗauka ke zama a tura shi. Ya ɗauko farantin silba, wannan shi ne fitilarsa, da shi yake tare rana ya mayar fuskar mutum. Ya zare safa daga aljihu, ita ake sa wa makirfo saboda iska. Na ce ai ni matsalata kyamara. Ya dubi hannuna ya ce, "Wagga da ka riƙe hwa, tuwo ake tuƙawa da ita?" Kunya ta kama ni ƙwarai.

Daga nan muka hau babur zuwa Bakura, ta tsakanin gonakin shinkafa da hanyoyin ruwa, wasu na gudu, wasu ciyawa ta cinye su. Kaka na zaune a tsakar gidan Kawu. Tana jin muryata ta ce, "Maigidan banza ya zaka, ba ko goro!" Na ce ai na sake ta tun bara, takardar ce ba ta iso ba. Muka yi wasanmu na jika da kaka, raina ya yi fari don na ga hankalinta garau.

A nan na tafka kuskure. Na sa aka fito da kujera, aka canza mata zane, na kafa waya a gabanta, na zaro takarda mai tambaya goma sha biyu. Tsohuwar da ke zolayata yanzun nan ta sandare. Yaya garinku yake? "Lahiya lau." Me kika ji ranar da aka tashe ku? "Haka Allah Ya so." Kusan awa guda muna haka. Kawu ya ja ni gefe ya ce in haƙura, su ma da ta haifa ba ta taɓa ba su labarin nan ba. Wallahi na ji kamar in yi kuka.

Bayan la'asar na kira Malam Sahabi na zayyana masa. Ya yi dariya har da tari. "Kai alƙali na, da za ka aza tsohuwa bisa kujera kana ƙirga mata tambaya? Tsohuwa ba ta amsa tambaya, amma ba ta barin ƙarya ta wuce gabanta. Kuma kai jika na, an yahe maka. Kai ta bakin ruwa ka yi mata ƙarya."

Washegari Kawu ya samo motar maƙwabci. Muka ce wa Kaka za mu sayo kifi, ta ce ba ta yarda mu zaɓa ba, za a cuce mu. Muka bi ta Mafara muka miƙa wajen Maradun. Wanda bai san tarihin ruwan Bakolori ba, zai ɗauka tun fil'azal yake nan. Shimfiɗe yake har inda ido ya gaji, kwale-kwale na yawo, masunta na jan koma. Muka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Na ce zan gyara mata mayafi, na maƙala makirfo da safarsa. Abokina ya aro faranti wurin mai fura. Na jingina waya a kan galan, na kunna, na juya wa Kaka baya.

Na ce wa abokina da ƙarfi, "Ka ga wurin nan? An ce ai ba gari ba ne, bukkoki uku ne da juji. Ko rijiya ba su da ita, Maradun suke zuwa roƙon ruwa."

"Wa ya hwaɗi? Ƙarya ta!"

Kafin in waiga Kaka ta miƙe da sandarta, matar da sai an kama ta take tashi. Ta nuna ruwa ta ce rijiya uku gare su, ɗaya ma ba ta ƙafewa ko da bazara. In ka shigo ta gabas gidan maƙera za ka fara isarwa, sai marina, sai masallaci, sai tsamiyar da ake sussuka a gindinta. Ta bi garin gida-gida, tana kiran mai gida da matansa da abin da yake nomawa, har da wanda ya fi kowa rowa. Na fizgi waya na bi ta. Masunta suka ajiye koma suka matso.

Sai ta tsaya, sandar na nuna wuri ɗaya. Ta ce, "Can bayan tsamiya ɗakina yake. Nan munka baro na hwari, watanai bakwai." Kowa ya san mace ba ta kama sunan ɗan fari, balle irin su Kaka. Ta juyo ta dubi wayar kai tsaye, ashe ta san tana kunne. "Sunanai Usumanu. Ka sa shi cikin abin naka, tunda ban iya kai ka ga kushewatai."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To, maƙaryaci, bukkoki ukku na?" Na durƙusa na ce na tuba, na mayar da aure. Masunta suka fashe da dariya, wani ya miƙo mata kifi kyauta. Minti ashirin da shida na ɗauka, kuma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

A hanyar komawa na tsaya na nuna wa Malam Sahabi. Ya kalla har ƙarshe ya ce, "Ka yanke ma tsohuwa kai so biyu, amma fim na." Muka kama mota da wuri, kafin la'asar muna Gusau.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, ba kyamara na rasa shekara huɗu ba, sanin mutanena na rasa, da yadda ake buɗe bakinsu. Da na isa gida, ko takalmi ban cire ba na miƙa wa mahaifiyata wayar. Ta kalla har wurin tsamiya, sannan ta ɗora hannu a ƙirji. Shekararta hamsin da 'yan kai, ranar ta fara jin sunan yayanta. Ta ce, "Mayar da shi baya, in sake ji."