Biron da Mama ta gani

Shekarun baya, lokacin da nake gabatar da shirin siyasa a wani ƙaramin gidan talabijin a nan Lafia, babu abin da nake tinƙaho da shi kamar adalci. Agogo nake ɗorawa a kan tebur, kowane baƙo minti goma cif. Abokan aiki suna tsokanata da "alƙali", ni kuwa kaina sai ƙara kumbura yake yi.

Ana cikin kamfen ɗin ciyaman na gayyaci 'yan takara biyu. Ɗaya babban mutum ne, da motoci uku ya zo, turarensa ma ya riga shi shiga situdiyo. Ɗayan tsohon malamin firamare ne daga Agyaragu, manomin doya, a kan okada aka kawo shi. Muka yi shiri da Turanci, aka watse lafiya. Bayan kwana biyu sai ga takardar ƙorafi daga malamin, wai na nuna son kai. Manaja ya ce in ba malamin amsa a shiri na gaba, kai tsaye. Wallahi raina ya ɓaci. Na zauna na rubuta shafi biyu masu zafi, waɗanda da na karanta su, duk wanda ya ji zai ɗauki dattijon nan maƙaryaci, ga zaɓe ya ƙarato.

A makon ne mahaifiyata ta zo daga Awe ganin jikoki. Ita tun tana budurwa gishiri take dafawa tana sayarwa, Turancinta bai wuce gaisuwa ba. Ranar Lahadi da rana na saka mata shirin, wai ta ga ɗanta a talabijin. Gaskiyar magana, yabo nake nema.

Ta kalla har ƙarshe. Sai ta juyo ta ce, "Mai babbar rigar nan kake so ya ci, ko?"

Na yi dariya, na shiga yi mata lacca a kan agogo da minti goma. Ta ce ita ba ruwanta da agogo, in mayar da shi farko, in kashe muryar, in kalli hannuna kawai.

Na kashe, muka zuba ido. Babban mutum na buɗe baki sai in ajiye biro, in juya masa ƙirjina, ina gyaɗa kai kamar ɗalibi a gaban malami. Malamin na fara magana sai in ɗauki biron, ina danna shi, idona a kan takarda, wani lokacin a kan agogo. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kowane karo haka. Akwai inda ya miƙo hannu yana min bayani, ni kuwa ina gyara hulata. Sau huɗu na kalli shirin nan ina neman abin kare kaina, ban taɓa gani ba. Matar da ba ta ji kalma ɗaya ba, kallo ɗaya ta yi.

Na tambaye ta yadda aka yi ta gane. Ta ce ai a kasuwa mudu ɗaya take auna wa kowa, amma ta san yadda hannunta yake sakin gishiri in mai saye ya yi mata, ta san yadda yake ƙanƙamewa in bai yi mata ba. Ta ce shekaru ta yi tana faɗa da nata hannun, shi ya sa ta gane nawa. Ta faɗi haka ta tashi ta tafi duba tukunyarta, ta bar ni da diflomata a bango.

Washegari na yage takardun, na hau mota sai Agyaragu. Na same shi yana jera doya a rumfa. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara." Sai ya ce shi kansa bai san sunan da zai ba abin ba, shi ya sa takardarsa ba ta da hujja.

"Da na dawo gida, matata ce ta tambaye ni, me na yi wa ɗan jaridan nan da ya kasa kallon fuskata?"

A shiri na gaba na ba shi haƙuri a gaban kowa. Bai ci zaɓen ba, kuma har yau ban san ko hannuna yana cikin abin da ya kayar da shi ba.

Yanzu in ina kallon manyan tashoshi, nakan rage murya in duba wa ake gyaɗa wa kai, wa ake katsewa da murmushi. Ina gani sosai, amma ban kai Mama ba, ba kuma na jin zan kai ta. Tun daga ranar ban sake shiga situdiyo da biro ba. Ita kuwa duk sanda ta gan ni a talabijin takan kira, ba ta taɓa tambayar me aka tattauna ba, sai dai ta ce yau hannuna ya zauna lafiya, ko kuma bai zauna ba.