Sandar Baffa Ta Sauko Ƙasa

Muna sallame sallar asuba muka bar Kubwa, ni da ƙanina, shi a bakin sitiyari, muka nufi Yangoji ɗauko Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi kaɗai ya rage mana a ruga. Tun da damina wani bijimi ya fizge shi da igiya, kafaɗarsa ta dama ta ƙi daɗi, shi ya sa za mu kai shi asibiti a Abuja. Ga shanu sun kusa tashi kudu neman ciyawa. In likita ya ce lafiya, Baffa zai bi su kamar kowace shekara. In ya ce a'a, sai a damƙa su ga makiyayin haya.

Mun ci sa'a, mu muna fita gari, ma'aikata suna shiga, an cusa su a bas kamar buhunan albasa, kowa da sabuwar wayar salula a kunne. A Zuba muka tsaya sayen tsaraba. Tun da farar hula suka karɓi mulki kuɗi ya yawaita a Abuja, kuma da alama labarin ya kai kunnen lemo da abarba.

Bayan Kwali na sauke gilas. Ƙamshin hayaƙin garke ya shigo, sai na ji shekarun da na yi a ofis sun zama kamar aro. Na tuna Baffa da sassafe, sanda gicciye a wuya, hannaye biyu rataye a kanta, yana kiran shanu ɗaya ɗaya da sunayensu. Wannan karon a zaune muka tarar da shi.

Likitan ƙashin da muka gani a cikin gari mutumin kirki ne, Hausarsa irin ta Abuja, wadda ba ruwanta da namiji ko mace. Ya sa Baffa ya miƙa hannu ya kifa babban yatsa kamar mai zubar da ruwan kofi, sannan likitan ya danna hannun. Ya lanƙwasa gwiwar hannun ya murɗa ciki. Kowane karo sai ya tambaya, “Baba, kina jin zafi?”

“Babu komai, likita. Alhamdulillahi.”

Mutumin da ya sha bulalar sharo yana kallon madubi, shi ake tambaya ko yana jin zafi a gaban 'ya'yan wansa.

Likita har ya fara cewa jijiya lafiya take, sai dai wani ƙas da ya ji, mai yiwuwa guringuntsin bakin gaɓar ne ya tsage. Sai idonsa ya kai kan goshin Baffa: zufa, a ɗakin da sanyin na'ura ya sa ni naɗe hannu. Ya ɗauko sandar da aka jingine a bango, ya ce Baffa ya saɓa ta yadda ya saba. Hannun hagu ya hau. Na dama ya kai rabi, ya yi rawa, ya zube.

A waje likitan ya gaya mana cewa gwaje-gwajen hannu nuni ne kawai. Ɗaya ba ya isa, sukan nuna ciwon da babu, su ɓoye wanda yake akwai, kuma da yawansu a bakin majiyyaci suka dogara. Washegari aka tura Baffa cikin na'urar hoto mai ƙara kamar injin niƙa. Ya fito yana cewa ya leƙa kabari. Guringuntsin da ake zargi ƙalau yake. Jijiyar da ta “ci jarrabawa” ita ce ta yage, sai an yi aiki.

A hanyar komawa, a Gwagwalada, Baffa ya tambaye ni ko makiyayin hayar zai san wace saniya ce ba ta son a sha gabanta a rafi. Na ce za a gaya masa. Ya ce, “Ba abin faɗa ba ne.”

Mun bar shi tsaye a bakin garke da la'asar, ya dogara sandar a ƙasa kamar sauran tsofaffi. Na dawo Kubwa da fahimtar cewa gwaji yakan faɗi gaskiya ne gwargwadon yadda mai ciwo ya yarda ya faɗe ta. Mu kuwa an rene mu a kan kada mu faɗa.