Askar Mai Roka

Yayana kafinta ne. Da ya ajiye aikin kujeru muka ce zai huta, ashe hutu ba ya cikin tsarinsa. Sai ya koma ƙera ƙananan rokoki na wasa, irin waɗanda ake harbawa a fili su dawo da 'yar lema. Unguwa ta laƙaba masa Mai Roka, kuma yana amsawa har da washe baki.

Ni ƙanwarsa na fi kowa yi masa tsiya, amma aikinsa yana burge ni ƙwarai. Katakon balsa da yake yanka fikafikan roka ba shi da nauyi, farce ma lotsa shi yake yi. Yakan yanka shi yadda jijiyar katakon za ta bi gefen gaba, ya goge da samfefa, ya manna siririyar takarda ciki da baya, ya danne da tayil har ya bushe. Bututun kwalin da shi ne jikin rokar kuwa, sai ya shayar da bakinsa gam ya yi tauri. In ya gama, yakan goga fiffiken a leɓensa na ƙasa, wai leɓe ba ya ƙarya.

Sai ciwon suga ya taɓa masa ido. Ranar da ya yanke yatsa, babbar 'yarsa ta ɗauke askarsa ta jefa a jaka.

"Baba, ka haƙura haka nan," in ji ta.

"'Yar nan, bar ni in gama wannan. In ta karkace a sama, riƙe askar har abada."

An riga an yanke fikafikan, saura mannawa, kuma nan ne ido yake aiki. Fiffike ɗaya ya kauce kaɗan, roka ta yi ta juyi kamar mai hajijiya. Na ce in riƙe masa, ya ce, "Ke da ko maɓalli ba kya ɗinkawa daidai?" Da yatsu ya auna, ya shafe gindin kowane fiffike da gam da ɗan ƙaramin yatsansa. Tausayinsa ya kama ni har na fita waje.

Ranar harbi muka je fili bayan gari. Maƙwabcinsa ya haɗa wa rokar wayar wuta, Yaya ya danna maɓallin harbi. Duk muka ɗaga kai, shi kaɗai ya sunkuya yana kasa kunne, don roka mai karkata sautinta rawa yake yi. Wannan ta miƙe sak har ta zama ɗigo.

Ba wanda ya gaya masa. Hannu kawai ya miƙa gefen da 'yarsa take.

Ta ce, "Duba aljihunka, Baba. Tun a gida na saka maka."