Hoton ƙwaryar Inna

Shekarun baya, lokacin da Allah ya yi ma mahaifiyata rasuwa a ƙauyenmu wajen Buza, yayana yana Abijan. Ciwon sukari ya riga ya kama mishi ƙafa, ba halin zaman mota kwana da kwanaki. Anka yi jana'iza ba shi, anka yi sadakar uku da ta bakwai ba shi.

Inna kuwa ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Da ka ɗaga salula sai ta ja mayafi ta juya ma bango. Na katinta na ɗan ƙasa ma ya goge, ba ka gane mutum ne ko tabon ruwa.

Ana gab da sadakar arba'in yayana ya kira ni. A gidanmu ranar nan ake fiddo kayan ɗakin mamaciya a raba, a share ɗaki. Ya ce, "Kamin a watse kayanta, ɗauko mini hotonsu. Ni dai in ga wani abu nata." Yadda muryarshi ta fita bai yi mini daɗi ba.

Ni manomin albasa ne, karatuna na lekol bai yi nisa ba. Hoton da na iya ɗaya ne: in jera buhuna a rana, in ja da baya, in ɗauka mai saye ya ga yawansu. To haka na yi ma kayan Inna. Na shimfiɗa sabuwar tabarma a tsakar gida da rana tsaka, na kwaso kwanukan jerenta masu fure, da atamfofin da ko ninkinsu ba ta warware ba, da wani tarmos. Tsohuwar ƙwaryarta mai ɗinki na bar ta a ɗaki, don kada abokanshi na can su gani su ce mun bar uwarmu da fasassar ƙwarya. Na hau kan turmi na ɗauka. Komi ya shiga, komi na ƙyalli. Na je bayan gari kan tudu inda rezon waya ke kamawa, na tura, ina jin kaina wani gwani.

Ba a jima ba ya kira. "Kai, butik ka buɗe, kana saida kaya? Waɗanga ai ni na saye su da hannuna na aiko, na san su. Ina Inna a ciki?"

Na ce, "Yaya, kaya ka ce, kaya na ɗauko."

Ya ce to na gode, ya kashe. Godiyar nan ta fi mini zagi ciwo.

Da na koma gida mai ɗakina ta karɓi salular ta duba, ta yi tsaki. "Malam, albasa ta cinye maka kai. Yaushe ka taɓa ganin Inna da kwanon ga a hannu? Gobe da hantsi ka shiga ɗakin, lokacin da take dama hura. Kuma kada ka gyara komi, na san hannunka."

Da safe na shiga. Ƙofar ɗakin gabas take kallo, rana ta shigo ta gefe ta kwanta a kusurwar da take zama, sauran ɗakin duhu. Ga ƴar kujerarta, ga ƙwaryar, ludayi a ciki, faifai ya rufe rabinta, yadda ta bar su ranar da ciwo ya kwantar da ita. Na ɗauka a tsaye. Sai ya fito kamar tarkace a ƙasa. Na kunna hasken salula, ya ƙara lalacewa, ƙwaryar ta yi fari fat, inuwa ta gudu.

Mai ɗakina na bakin ƙofa. Ta ce, "Kashe wutar nan. Kuma zauna mana. Tsaye kake shan hurarta?"

Na zauna ƙasa, daidai inda muke zama muna yara muna jira a miƙo muna. Gwiwoyina sunka yi ƙara, ta yi dariya. Amma daga nan ƙasa abin ya sake. Hasken ya bi gefe ɗaya na ƙwaryar, ɗayan gefen ya nutse cikin duhu, ɗinkin ya fito tsaf zare bayan zare, har wurin da hannunta ya baƙanta don riƙo. Akwai wani bidon ɗibar ruwa shuɗi a baya da ke jan ido, shi kaɗai na janye. Na ɗauko tasbaharta na aza kusa don hoton ya yi kama da na mutanen kirki, na duba, na maida ita kan ƙusarta. Inna ba ta aje tasbaha wurin abinci.

Guda na tura mishi. Yini ya wuce bai ce komi ba, har na ce na sake ɓatawa. Washegari saƙon murya ya shigo. Da farko numfashi kawai nake ji. Can ya ce, "Dubi bakin ludayin nan, ɓangaren da ya cinye. Wallahi na mance Inna bahaguwa ce." Sai ya yi dariya, dariyar ta karye mishi a tsakiya, saƙon ya ƙare.

Na buɗe hoton na duba. Gaskiya ne. Ni da nake gida tare da ita duk shekarun nan, ban taɓa lura da bakin ludayin ba.

Ranar rabo anka yi ta ja-in-ja kan kwanuka da atamfofi. Ƙwarya ba wanda ya kalla, na ɗauka. Yayana bai sake taka gida ba, can Allah ya karɓi abinshi, can anka rufe shi.

Ni har yau ban zama mai hoto ba, albasata dai nake ɗauka, kuma a rana nake jera ta. Sai dai na gane ba a ɗaukar abin mutum yadda ake ɗaukar haja. Haja yawa ake so a gani. Abin mutum kuwa ka rage, ka bar wanda hannu ya ci, ka bar mishi inuwarshi, ka sauko ka kalle shi daga inda ka saba kallonshi. Wanda nake jin kunyar nunawa, shi ne kaɗai ke ɗauke da Inna.

Ƙwaryar na nan ɗakina. Na sha gwada sake ɗaukarta hoto, a zaure, a gindin iccen bedi, a bakin taga, ba ta taɓa fita kamar ranar nan ba. Ɗakin Inna ya faɗi wata damina, mun kwashe ƙasar mun kai gona. Yanzu wurin rana ce ko'ina.