Babur ɗin da Ba Ya Tsayuwa da Kansa

Sana'ata gyaran famfon tuƙa-tuƙa ce, kuma duk wanda ya yi wannan aiki a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram ya san rabin wahalarsa a hanya take. Famfo ba ya lalacewa a bakin kwalta. Sai damina ta yi nisa, rafi ya kawo, sannan a kira ka a ce tun jiya mata ba su sami ruwan girki ba. Saboda haka idan ana maganar babur ɗin shiga daji, ba na jan bakina.

Nawa na gwanjo ne, irin mai dogayen ƙafafu da taya mai haƙora, wanda malaman gona suke hawa. Ba shi da wani kyau, ba shi da gudun a zo a gani. Amma yana da kariya a baya da nake ɗaure akwatin sifana da bututu, yana da sirdi mai faɗi da zai ɗauki mutum biyu har da ɗan ƙulli a tsakani, kuma duk fetur ɗin da na saya a kwalba wurin 'yan bumburutu yana sha bai taɓa yi mini tsaki ba. In ya yi gardama, kowane bakanike na gindin bishiya ya san cikinsa. Na hau shi zuwa Yalwan Damai cikin laka, na hau shi zuwa Maruta cikin yashi, bai taɓa sa ni kwana a hanya ba.

Ƙanena shi ne autanmu, ni na ƙarasa rainonsa bayan rasuwar mahaifinmu. Ya koyo aikin haɗa wutar sola a Kano, ya dawo gida ya buɗe shago, Allah kuma ya sa wa abin albarka. Yaro ne mai hankali da kunya, sai dai tun yana ƙarami yake da ciwon gudu. Kullum wayarsa cike take da bidiyon masu tseren babur suna tashi sama daga kan tudu. Da aljihu ya ɗan yi nauyi, ya zo ya ce mini zai sayi babur ɗin daji, na ji daɗi, na ce ya sayi irin nawa. Ya yi murmushin nan da ƙanne suke yi in sun riga sun gama shawara.

Abin da aka sauko masa da shi daga bayan a-kori-kura ɗan Kwatano ne, babur ɗin tsere na gaske, ruwan lemo, siriri, dogo. Kuɗinsa zai sayo irin nawa da yawa. Na zagaya shi a tsanake kamar mai tayin saniya.

"Ina fitila?" na tambaye shi.

"Yaya, ai ba a tsere da dare."

"Ina kariya? Ina inda wanda ka goya zai ɗora ƙafa?"

"Duk nauyi ne, an cire. Na mutum ɗaya ne."

"To kafe shi mana, ka tsaya kana riƙe da shi kamar an ba ka ajiyar akuya."

Nan ya sosa ƙeya. Ashe babur ɗin ba shi da ƙafar kafewa ma. A filin tsere wani ɗan ƙarfe ne daban ake soka masa in an tsaya, shi kuwa wanda ya sayar bai haɗo da shi ba. Dole sai dai a jingina shi da bango. Na yi dariya har sai da na zauna a kan dakali.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta. Ranar da muka fita tare zuwa Maruta bayan an sheƙa ruwa, na ga abin da kuɗi yake yi. Akwai wani kwari mai yashi da ni kullum sai na sauke ƙafa ina tallabe nawa kafin in tsallake. Shi ko kallon wurin bai yi ba. Ya murɗa totur, tayar baya ta watso yashi, kafin in canza giya ya haye tudu yana jirana. Ramukan da suke jijjiga mini ƙugu, nasa haɗiye su yake yi. Ya ba ni na ɗana, na ɗan taɓa totur kaɗan, tayar gaba ta ɗaga sama, na yi salati da ƙarfi na mayar masa da kayansa. A wajen gudu da tsalle, nawa ko takalmin nasa ba zai ɗauka ba.

Sai dai shi ma yana da halinsa. In aka yi tafiya a hankali, zafi yake ɗauka, ruwan lagireto ya fara tafasa. Fetur ɗin kwalba yana sa shi tari. Baƙin mai kuwa kafin ka ce me, an ce lokacin juye ya yi. Mafi muni, in ka kashe shi yana da zafi, sai ka yi ta dukan kik kana gumi kafin ya yarda ya tashi. Saboda haka ƙanena ya koyi rashin kashe shi sai ya kai inda za shi.

A ƙauyukanmu kuwa babur ba na mai shi kaɗai ba ne. Ka ga tsoho a hanya da fartanya a kafaɗa, dole ka tsaya ka rage masa hanya, ko da ba ka san shi ba. Ka zo wucewa ta inda dattawa suke zaune, ka kashe inji, ka sauka, ka tura har ka wuce su. In kuwa gaisuwa ce ta kawo ka, ka kafe babur can nesa, ka cire takalmi, ka durƙusa. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini wannan, kuma ba wanda zai gaya maka in ka saɓa. Shiru kawai za a yi, a ajiye maka.

Ban san an ajiye wa ƙanena ba sai ranar da na je gyaran famfo a Kwandiko. Na san yana neman wata malamar firamare a garin, sun fahimci juna, saura kawai mahaifinta ya ba da izini a turo manya. Ina durƙushe ina kwance kan famfo, wasu magidanta suna hira a bayana, ba su san alaƙarmu ba.

"Yaron nan mai babur ruwan lemo, shi ne wai yake neman 'yar gidan Malam?"

"Shi ne. Bai taɓa ɗaukar kowa ba. Ranar kasuwa ya tarar da Malam ɗin da kansa a hanyar gona, har Malam ya ɗaga masa hannu, shi kuwa ya bi ta gefensa da ƙara."

"Ko gaisuwa daga sama yake yi, yana zaune, inji na ihu."

Sifana ta kusa faɗo mini a ƙafa. Ƙanena da ko ido ba ya iya haɗawa da ni, shi ake kira marowaci mai girman kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ga laifinsu ba. Su a saninsu kowane babur yana goyo, kowane babur yana kafuwa. Wanda bai yi ba, to halinsa ne.

Da na gaya masa, sai da idonsa ya kawo ruwa. Bai san fuskar mahaifin nata ba a lokacin. Ya ce ya ga dattijon, ya so tsayawa, to ina zai ɗora shi? Ba a jima ba kuma saƙo ya zo ta bakin yarinyar: Baba ya ce yana son ganinsa ido da ido kafin ya ce komai. Ta ƙara da cewa ran Baba ba a sake yake ba.

Na ce masa, "Shi ke nan. Ka hau nawa, ni in bi ka a na haya."

Ya ce, "A'a, Yaya."

"Kai, aure kake nema ko tsere?"

"Duk garin sun san babur ɗina. In na je a kan naka, cewa za a yi na aro hali na yini guda. Da wanda na yi laifin zan je."

Na yi masa faɗa sosai, na kira shi mai taurin kai, na ce ƙarfe zai raba shi da matar kirki. Ya sunkuyar da kai yana ta ba ni haƙuri, amma bai canza magana ba. Haka muka tafi, ni a kan nawa, shi a kan nasa, wata ranar Asabar da la'asar, bayan an wuni ana yayyafi.

Tun daga bakin gari ya kashe inji ya sauka yana turawa. Shirinmu shi ne in fara gaisawa a matsayina na babba, in dawo in riƙe masa babur, shi kuma ya je ya durƙusa. Muka tarar da dattijon a ƙofar gida tare da 'yan'uwansa, suna zaune a kan wani gungume a gindin dalbejiya. Na duba ko da inda za a jingina babur. Gidan danga ce ta kara ta zagaye shi, in ka jingina mata wannan ƙato tare za su faɗi. Zauren laka ne, ya sha ruwa, kuma yana bayan dattawan. Bishiyar kuwa ita suka jingina da ita. Filin gaban gida duk caɓi ne.

Na kafe nawa, na cire takalmi, na durƙusa. Dattijon ya gane ni, ya kama hannuna da hannu biyu. "A'a, mai famfo! Ashe kai ne wan nasa?" Daga nan ya shiga gaisuwa: gajiya, iyali, damina, mutanen Birnin Kudu, sannan ya gangaro kan famfon unguwarsu da yake ƙara in ana tuƙawa. Bai saki hannuna ba. Ba a zare hannu daga na dattijo, ko da gobara ake yi a bayanka.

Ta gefen ido ina hango ƙanena a tsaye ƙiƙam, riƙe da kan babur, kansa sama da na kowa a wurin. Sauran dattawan suka daina magana, suka zuba masa ido. Ɗaya daga cikinsu ya yi gyaran murya. Na san abin da suke gani, kuma shi ne abin da aka riga aka gaya musu.

Sai na ji ƙarar ƙarfe a cikin laka. Na waiga. Ƙanena ya kwantar da babur ɗin nan a gefensa, cikin caɓi, babur ɗin da kullum yake gogewa da tsumma mai laushi, wanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kansa. Wani abu ya yi ƙas, hannun kuloci ne ya karye. Fetur ya fara ɗiga. Bai ko waiwaya ba. Ya cire takalmi, ya tako cikin laka da farin yadinsa, ya zube gwiwa biyu a gaban dattijon.

"Baba, ina wuni."

Sai a lokacin aka saki hannuna. Dattijon ya amsa gaisuwar a hankali, har ƙarshe, bai tsallake komai ba. Sannan ya nuna babur da haɓa.

"Yaro, me ya sa ka yar da shi?"

"Baba, ba shi da ƙafar kafewa. In ban sake shi ba, ba zan iya durƙusawa ba."

Dattijon ya miƙe da sandarsa, ya je ya tsaya a kan babur ɗin. Ya daɗe yana dubawa. Ya sa sanda ya taɓa sirdin nan siriri, ya leƙa wajen tayar baya, ya zagaya ɗaya gefen.

"To wanda aka goya, a ina yake ɗora ƙafa?"

"Babu, Baba. Shi ya sa ranar nan na wuce ka a hanyar gona. Na ji kunya, har yau ina ji. Ka yafe mini."

Dattijon ya juya wajen 'yan'uwansa ya ce, "Ku zo ku gani. Ashe babur ɗin ne marowaci." Suka taso suna leƙawa suna girgiza kai, ɗaya yana tambaya wane irin mutum ne zai ƙera abin hawa ya manta da baƙo.

Da muka tashi tafiya, muka ɗaga babur, kuloci ya karye, ba halin hawa. Ƙanena ya ce zai tura shi zuwa bakin titi ya nemi mota. Dattijon ya ce, "Ina za ka tura wannan a cikin laka? Shigar da shi zaure, ka jingina da bango, ai ba zai rushe ba. Ranar da za a zo ɗauka, a taho da kawunku da mutanensa, mu zauna."

Ƙanena ya sake durƙusawa ya yi godiya.

Har yau muna gardamar babur da shi, kuma har yau ina nan a kan bakana: duk mai shiga ƙauye ya sayi irin nawa. Shi kuma ya ce ban san daɗin duniya ba. Amma ranar a kan nawa muka koma gida. Na kwance akwatin sifana na ɗaure a gaba, ya hau baya ya ɗora ƙafafunsa masu laka a kan matakan baya, kamar lokacin da nake kai shi makaranta. Mun fita gari kaɗan sai na ji ya kifa goshinsa a bayana, kafaɗunsa suna rawa. Ban tambaye shi dariya yake ko kuka ba. Na dai rage gudu, don kada rami ya jijjiga shi.